Daga karar shanun Mai'adua zuwa ajin Jami'ar Yale: Inda za ka koyi ilimin dabarun wasa a wayarka

Duk ranar Lahadi, kafin rana ta take, karar shanu ta cika a kasuwar Mai'adua. Mai dabba na tsaye, dillali na riƙe da igiya, mai saye ya zagaya ya duba haƙori ya taɓa tozo, sannan a ce masa ya taya. Ya san in ya taya da yawa ya cuci kansa, in kuma ya taya kaɗan za a ce masa "albarka" a juya ga na bayansa. Shi ma mai dabbar yana nasa lissafin. In ya sallama yanzu, wataƙila wani falke na tafe da tayin da ya fi wannan. In ya ƙi, wataƙila la'asar ta yi ya koma gida da dabbarsa, ga kuɗin mota ga na harawa. Dillali kuwa la'adarsa yake hange, amma bai manta ba cewa mako mai zuwa ma kasuwa za ta ci, kuma mutanen nan biyu za su dawo.

Ribar kowane ɗaya daga cikin ukun ta rataya ne a kan abin da sauran biyun za su yi, kuma kowa ya san haka. Irin wannan yanayi yana da fanni sukutum a ilimin tattalin arziki, wanda ake kira Game Theory da Turanci. A wannan rubutu za mu kira shi ilimin dabarun wasa. Shekara 20 da suka wuce, ɗan Daura ko Zango ko Baure da ke son ya karanta shi sai ya samu gurbi a jami'a, ya kuma yi sa'ar samun littafin a laburare. Yau darussan da ake koyarwa a manyan jami'o'in duniya suna intanet, mafi yawansu kyauta, kuma wayar da kake karanta wannan da ita ta isa ta buɗe su.

Tambayar ita ce wanne za a fara da shi, wanne zai cinye data a banza, kuma yaya malami zai mayar da misalan Amurka su zama na Sandamu.

Wasa kuma? Ba dai caca ba?

Sunan yakan rikita mutane. "Wasa" a nan yana nufin duk wani hali da mutum biyu ko fiye suke zaɓi, kuma sakamakon kowa ya dogara da zaɓin ɗan'uwansa. Dara wasa ce ta wannan ma'ana: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, kuma ba ka ajiye ɗa sai ka hango inda abokin karawarka zai sa nasa. Ciniki ma haka, neman kwangila ma haka, takarar kansila ma haka. Bambancin kawai, a dara abin da ka ci shi ɗayan ya rasa, a ciniki kuwa ana iya rabuwa kowa na murna, ana kuma iya rabuwa kowa ya yi asara.

An fi danganta kafuwar fannin da littafin da masanin lissafi John von Neumann da masanin tattalin arziki Oskar Morgenstern suka wallafa a Amurka a 1944. A 1950 wani ɗalibi a Jami'ar Princeton mai suna John Nash, wanda bai wuce shekara 22 ba a lokacin, ya fito da abin da ya zama ginshiƙin fannin. Ya bayyana matsayar da idan aka kai gare ta, babu wanda zai ƙaru in ya sauya shawara shi kaɗai matuƙar sauran ba su sauya ba. Wannan ce ake kira matsayar Nash, kuma ita ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1994, tare da John Harsanyi da Reinhard Selten.

Ga misali da alƙaluman da muka ƙirƙira don sauƙaƙawa. A ce 'yan kasuwar hatsi biyu ne ke jere, sun yi magana cewa ba wanda zai karya farashin tiyar gero. In duka sun riƙe alkawari, kowa zai tashi da ribar Naira 10,000 a yini. In ɗaya ya rage a ɓoye, masu saye za su yi cincirindo a gabansa ya samu 15,000, ɗayan ya tashi da 2,000. In duka suka rage, kowa 5,000.

Shiga zuciyar ɗayansu ka yi lissafi. Idan maƙwabcina ya riƙe farashi, gara in rage, don 15,000 ta fi 10,000. Idan ya rage, dole ma in rage, don 5,000 ta fi 2,000. Ko ta ina aka juya, ragewa ta fi masa. Shi ma ɗayan haka zai lissafa, sai su ƙare a 5,000 kowannensu alhali 10,000 na gabansu. Wannan shi ne shahararren misalin da ake kira tsaka-mai-wuyar fursunoni biyu, wanda Merrill Flood da Melvin Dresher suka tsara a 1950. Shi ne kuma ciwon kan ƙungiyar ƙasashe masu arzikin man fetur ta OPEC, wadda Najeriya ta shiga a 1971: a zauna a amince kowa ya rage haƙo mai, a tashi kowa na kwaɗayin ya ɗan wuce kasonsa. Mai sayen gero dai ba zai yi baƙin ciki da rushewar irin wannan haɗin baki ba.

Inda ya kamata a fara

Shawarata ga wanda bai taɓa jin fannin ba ita ce kada ya fara da lacca. Ya fara da wani ɗan wasa na intanet mai suna The Evolution of Trust, wanda Nicky Case ya saki a 2017. Ba a biyan ko kwabo, ba a rajista, kuma cikin kusan rabin awa an gama. Za a nuna maka wata na'ura: in ka jefa tsaba ɗaya, abokin wasanka ya samu uku, shi ma in ya jefa ka samu uku. Kana iya jefawa, kana iya ƙi. Sai a haɗa ka da mutane masu hali iri-iri, akwai mai yarda da kowa, akwai mai ha'inci kullum, akwai mai riƙo wanda in ka cuce shi sau ɗaya ba ya ƙara yarda da kai, akwai kuma mai rama maka duk abin da ka yi masa a zagayen baya. Daga nan sai a sake su a tsakaninsu ka ga wa zai wanzu. Ya fi daɗin yi a kwamfuta ko waya mai faɗin fuska.

Tushen wasan shi ne gasar kwamfuta da Robert Axelrod na Jami'ar Michigan ya shirya a 1980, inda dabara mafi sauƙi ta lashe: fara da alheri, daga nan duk abin da aka yi maka ka mayar. Duk wanda ya taɓa ba da bashi a shago zai ga kamar labarinsa ake bayarwa.

Bayan wannan sai babban darasi, kuma a nan babu wanda ya kama ƙafar laccocin Farfesa Ben Polak na Jami'ar Yale. An ɗauke su a aji a ƙarshen 2007, lacca 24 ce, kowace kusan minti 75, wato kimanin awa 30 gaba ɗaya. Suna YouTube, suna kuma shafin Open Yale Courses da lambar darasi ECON 159. Abin da ya sa suka yi fice shi ne mutumin ba ya fara rubuta ƙa'ida a allo sai ya sa ɗalibai sun yi wasan da kansu. A laccar farko ya ce kowa ya rubuta lamba daga 1 zuwa 100, wanda lambarsa ta fi kusa da kashi biyu bisa uku na matsakaicin lambobin ajin shi ya ci. Tsaya ka gwada. In kowa ya zaɓa barkatai, matsakaici zai kai 50, don haka 33 ce amsa. To amma in kowa ya yi wannan tunani, 22 ce amsa. In kowa ya hango hakan kuma, sai a ƙara gangarowa, har a dire a kan 1. A zahiri ba kasafai mai rubuta 1 yake ci ba, domin ba kowa ne a ajin ke zurfafa tunani haka ba. Darasin ke nan: kaifin basirarka bai isa ba, sai ka auna iya inda tunanin jama'a ya tsaya.

A lacca ta huɗu ya shiga bugun fenariti, abin da masu cika gidajen kallon ƙwallo a Daura za su so. Ɗan wasa zai buga hagu ko dama, gola zai faɗa hagu ko dama, kuma duk wanda aka gane halinsa ya shiga uku. Wani masani, Ignacio Palacios-Huerta, ya bi diddigin fenariti 1,417 na ƙwararrun 'yan wasa a binciken da ya wallafa a 2003, ya gano cewa yadda suke cakuɗa zaɓinsu ya yi kusa ƙwarai da abin da lissafin fannin ya hasasho, duk da cewa ba darasin suka karanta ba.

Wanda minti 75 ta yi masa tsawo, akwai jerin gajerun bidiyo na William Spaniel mai suna Game Theory 101 a YouTube, kowanne 'yan mintoci, batu ɗaya a bidiyo ɗaya. Ya fi dacewa da mai shirin jarrabawa da ke son ya ga yadda ake warware jadawali mataki-mataki. Khan Academy ma na da 'yan bidiyo a kan matsayar Nash a sashenta na tattalin arziki.

Ga masu son zurfafawa

Ɗalibin da ke digiri a fannin tattalin arziki a Katsina ko Dutsin-Ma ko Kano zai buƙaci abin da ya fi wannan nauyi. Akwai darasin da Matthew Jackson da Yoav Shoham na Jami'ar Stanford suka haɗa da Kevin Leyton-Brown na Jami'ar British Columbia a Kanada, wanda ke manhajar Coursera. Takardar shaidar kammalawa kuɗi ake biya, amma bidiyon suna YouTube ga mai son ilimin kawai. Yana da lissafi fiye da na Polak, kuma ba shi da barkwancinsa.

Cibiyar MIT ta Amurka ta ɗora takardun darasinta mai lamba 14.12, wanda Muhamet Yildiz ya koyar, a shafinta na OpenCourseWare, har da tambayoyin jarrabawa. Giacomo Bonanno na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya saki cikakken littafinsa kyauta, kuma amfaninsa shi ne atisayen da ke ciki suna tare da amsoshinsu, lissafinsa kuma bai fi ƙarfin wanda ya riƙe na sakandare da kyau ba. Masu digiri na biyu kuwa littafin Martin Osborne da Ariel Rubinstein na 1994 ne nasu, shi ma ana samun sa a intanet kyauta da amincewar marubutan. Kada sabon shiga ya taɓa shi, zai kashe masa gwiwa tun shafin farko.

Ba ɗaliban tattalin arziki kaɗai abin ya shafa ba. Masu karatu a Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura za su ci karo da shi a lissafin cunkoson hanya, domin tun 1968 Dietrich Braess na Jamus ya nuna cewa ana iya ƙara sabuwar hanya a gari tafiya ta ƙara tsawo ga kowa, saboda kowane direba na neman gajeriyar hanyar kansa.

Matsalar data

"Kyauta" a intanet ba ta rasa kuɗi. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, kuma bidiyon awa 30 ba abin wasa ba ne ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci.

Akwai mafita. Shafin Yale yana da muryar kowace lacca ba tare da hoto ba, yana da rubutaccen abin da malamin ya faɗa kalma-kalma, yana kuma da takardar abin da ya rubuta a allo. Duka ukun a haɗe ba su kusa da nauyin bidiyo ba. Rubutun ma ya fi amfani ga wanda Turancin Baturen Ingila ke yi masa sauri, don yana iya tsayawa ya duba ƙamus. Sannan Yale da MIT sun saki kayansu ne a ƙarƙashin lasisin da ya halatta a kwafa a raba, muddin an ambaci masu shi kuma ba sayarwa za a yi ba. Ma'ana mutum ɗaya na iya saukewa a inda ya samu intanet mai arha, ya tura wa 'yan ajinsu ta Xender ko katin ajiya, ba tare da ya saɓa wa kowa ba.

Malami fa?

A mafi yawan lokaci ɗalibi yana haɗuwa da wannan fanni ne a 'yan shafuka na babin kasuwar da manyan kamfanoni ƙalilan suka mamaye. A zana jadawali mai gida huɗu a allo, a haddace, a rubuta a jarrabawa, a manta. Asara ce, domin wannan na daga cikin darussan da aka fi saurin ganewa idan an yi su da hannu.

Akwai shafuka biyu na kyauta da aka gina don haka. Veconlab na Farfesa Charles Holt ne na Jami'ar Virginia, shi kuma classEx daga Jami'ar Passau ta Jamus ya fito. Malami zai yi rajista ya zaɓi wasa, ɗalibai su shiga ta wayoyinsu su yi zaɓi ba tare da sanin na juna ba, nan take sakamakon ajin ya fito. Ba sai an sauke wata manhaja ba. Malamin kasuwanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ko a Kwalejin Yusufu Bala Usman, zai iya gwadawa a aji ɗaya ya ga bambanci.

Inda babu sabis ko caji, tsabar wake ta wadatar. A ɗauki ɗalibai 10, a ba kowa wake 10. Kowa zai zuba adadin da ya ga dama a ƙwarya a ɓoye, malami ya ninka abin da aka tara sau biyu, a raba daidai ga kowa, har da wanda bai zuba komai ba. In kowa ya zuba duka, 100 za ta zama 200, kowa ya tashi da 20. In tara suka zuba ɗaya ya noƙe, 90 ta zama 180, kowa ya samu 18, mai noƙewa kuma ya haɗa da 10 da ya riƙe ya tashi da 28. In kowa ya yi irin wayonsa, a tashi da 10 da aka zo da ita. A maimaita sau biyar ko shida, a rubuta jimilla a allo, a bar ɗalibai su ga yadda take tafiya. Daga nan sai a ba su damar tattaunawa, ko a riƙa bayyana abin da kowa ya zuba, a ga ko lamarin zai sauya. Malamin bai buƙatar dogon bayani bayan haka, sai dai ya tambaye su me ya sa ake ganin wasu a wurin cin tuwon gayya amma ba a gansu a gona ba, kuma me ya sa gyaran famfon unguwa ke gagarar gidaje 40.

Littafin da ya fi dacewa da wannan salo shi ne The Economy na ƙungiyar CORE, wanda ake karantawa kyauta a intanet. Babi na huɗu gaba ɗaya a kan wannan batu yake, kuma misalinsa manoma biyu ne da ke zaɓi tsakanin shuka shinkafa da rogo, sannan tsakanin fesa maganin ƙwari mai gurɓata ruwa da barin sa. Sunan ɗayansu Bala, sai dai na Indiya ne ba namu ba. Akwai fassarar littafin da Faransanci, abin da zai amfani 'yan'uwa na tsallaken Kwangwalam, daga Matamaye zuwa Damagaram.

Misalan da ke ƙofar gida

Babban giɓin waɗannan darussa shi ne misalansu. Za ka ji ana maganar kamfanonin jiragen sama, ko zaɓen Amurka, ko yaƙin cacar-baka. Ɗalibin da bai taɓa shiga jirgi ba sai ya ɗauka fannin na wasu ne, alhali masarautar Daura cike take da misalan da suka fi waɗancan armashi.

Ɗauki adashi. Mata 10, kowa na zuba Naira 5,000 a mako, kowane mako ɗaya ta kwashi 50,000. Wadda ta yi kwasan farko ta zuba 5,000 kacal, saura 45,000 a kanta. A lissafin tsaka-mai-wuya, abin da ya fi mata shi ne ta daina zubi. Ta biyu ma haka. In ta ƙarshe ta hango wannan ba za ta shiga ba, ta kusa da ƙarshe ma haka, sai adashin ya mutu tun ba a fara ba. Amma ga shi ana yin sa a kowace unguwa, kuma galibi yana kaiwa ƙarshe. Amsar da fannin ya bayar ita ce wasan ba ya ƙarewa a mako na 10. Akwai adashi na gaba, akwai bikin 'yarta da za ta so a zo mata da gudummawa, akwai uwar adashi da ta san gidan kowa kuma takan ajiye sabuwar shiga a kwasan baya. Abin da za ta rasa nan gaba ya fi 45,000. Wannan shi ne babin wasa mai maimaituwa, wanda Robert Aumann ya samu Nobel a 2005 saboda aikinsa a kai. Da wannan ma'auni ɗalibi zai iya gane dalilin da ya sa adashin da ake haɗawa ta WhatsApp tsakanin waɗanda ba su san juna ba ya fi hatsari.

Masana na waje sun daɗe da zuwa ƙasar Hausa neman irin waɗannan misalai. Christopher Udry ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya bi diddigin bashi a kusan gidaje 200. Ya tarar ana ba da rance ba takarda ba jingina, yawanci tsakanin dangi da maƙwabta, kuma abin da ake biya yana sauyawa da halin da aka shiga. In ambaliya ko ciwo ya samu mai karɓa, ya biya ƙasa da haka ko a ɗaga masa ƙafa. In mai bayarwa ne ya shiga matsala, a biya shi da ƙari. Wato bashin yana aikin inshora. Har yau ana karanta wannan bincike a darussan tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa. Kafin shi, Abner Cohen ya rubuta littafi a 1969 a kan Hausawan Sabo da ke Ibadan, inda ya nuna yadda ake ba mahauta shanun Arewa bashi ba tare da rubutu ba, saboda mai gida ya tsaya wa baƙonsa, kuma sunansa shi ne jarinsa.

Haka batun burtali da mashaya da ruwan noman rani irin na madatsar Sabke. Abin da kowa ke amfani da shi, kowa na da dalilin ɗiba fiye da kima. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu Nobel a tattalin arziki a 2009, ta tattara misalai daga ƙasashe da dama da ke nuna cewa al'umma kan iya kare irin wannan dukiya da kanta idan iyakoki a bayyane suke, masu amfani ne suka tsara dokar, akwai masu sa ido, kuma hukunci yana farawa daga ƙarami ya hau. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu zai iya ɗaukar waɗannan sharuɗɗa ya auna su da abin da ke faruwa a gundumarsu, ya zauna da mai unguwa da arɗo da sarkin noma.

Ko layin da ke cikin wayarka ma ta wannan hanya ya zo. A Janairun 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, ana ɗaga farashi zagaye bayan zagaye har masu nema suka ragu, aka tsaya a Dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN da Econet, wanda bayan sauye-sauyen suna ya zama Airtel, suka biya suka fara aiki a wannan shekara. A Disambar 2021 an sake irin haka a kan 5G, inda MTN da Mafab suka yi nasara a kan Dala miliyan 273.6 kowannensu. Tsara gwanjo yadda masu taya ba za su haɗa baki ba, kuma kaya ya faɗa hannun wanda ya fi ba shi daraja, reshe ne na wannan ilimi, kuma a kansa Paul Milgrom da Robert Wilson suka samu Nobel a 2020.

Abin lura

Wani zai ce wannan ai koya wa yara son kai ne. Ƙorafin yana da tushe, domin misalan farko suna ɗauka cewa kowa ribarsa kawai ya sani. Amma fannin da kansa ya gwada wannan zato. Akwai gwajin da ake ba mutum kuɗi a ce ya raba da wani, in ɗayan ya ƙi tayin kowa ya rasa. A lissafin son kai, ko Naira ɗaya aka miƙa ya kamata a karɓa. A zahiri mutane da yawa suna ƙin tayin da suka ga raini ne, sun gwammace a tashi babu. Joseph Henrich da abokan aikinsa sun yi wannan gwaji a ƙananan al'ummomi 15, ciki har da na Kenya da Tanzaniya da Zimbabuwe, suka wallafa a 2001 cewa babu inda mutane suka yi yadda lissafin son kai ya ce, kuma abin da ake ɗauka adalci ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Malamin da ya tsaya a jadawalin fursunoni bai kai ɗalibai wannan babi ba, rabin darasi ya koyar.

Sai batun harshe. Duk abubuwan da aka ambata a sama da Turanci aka shirya su. The Evolution of Trust dai mai shi ya sake shi ga kowa ba tare da riƙe haƙƙin mallaka ba, kuma 'yan sa-kai ne suka fassara shi zuwa harsuna da dama, har da Larabci da Faransanci. Ɗalibin kwamfuta ɗaya da ɗalibin Hausa ɗaya za su iya ɗaukar aikin a hutun zango. Inda za su sha wahala shi ne zaɓen kalmomi. "Dabara" ta zauna daidai, "haɗin kai" ma haka. Amma zaɓin da ɗan kasuwar gero ya yi na karya farashi, in aka kira shi "cin amana" an riga an yanke masa hukunci kafin ɗalibi ya yi lissafi, in kuma aka ce "janyewa" an rage masa kaifi. Za su gwada kalmomin a kan 'yan aji da 'yan kasuwa kafin su tsayar da ɗaya.